Shekarar da Geron Baba Sale Ya Tsiro a Buhu

Nafi'u mai adaidaita ne ya janyo wannan zance. Ya faka kekensa a bakin rumfata, nan hanyar dam ɗin Kazaure, ya ɗauki tarwaɗa daga kan raga ko tambaya babu, yana ci yana hura yatsu, ya ce, "Kawu Habu, ni fa idan mai ya ƙara tashi, sana'arka zan dawo. Me ke ciki? A hura wuta, a ɗora kifi, a zauna ana jin rediyo."

Na ce, "Gaskiyarka, ɗana. Kamar dai tuƙin kekenka, ai zama ne kawai da murɗa hannu."

Abokansa suka kwashe da dariya. To tunda kun zauna kuna cinye min kaya, ku ba ni kunnuwanku in gaya muku abin da ke cikin banda.

Ku fara duban abin da ke gabanku. Ganga ce aka yanka, aka huda ta, aka gitta rodi, aka shimfiɗa ragar waya hawa-hawa. Wuƙata wannan ta girmi wasunku. Tsinken nan da shi nake lanƙwasa tarwaɗa, in haɗa jela da kai, don kada ta karye a kwali. Itace kuwa ba kowanne ba. Ƙirya ko marke, in an samu. Ka sa darbejiya, kifinka ya yi ɗaci, mai tuwo-tuwo ta aiko a zage ka. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa su ke ba da launin nan ja-ja da mata ke so. Masu saye kuma kowa da halinsa. Mutanen Nijar da ke shigowa kasuwar Babura so suke ya bushe ƙayau kamar itace, don tafiyarsu da nisa. Matan Gwiwa sukan aiko ɗan acaɓa da saƙon a zaɓo mai maiƙo. Ma'aikaci kuma ya ce a ba shi mai laushi, ya jefa a but ɗin mota ya manta, sai mota ta fara gaisawa da mutane tun daga nesa ya dawo ya ce kifina ne ba shi da kyau.

Amma ba a nan na koya ba. A kurmi na koya, can kudu, inda kogi ke rarrabuwa kamar jijiyar ganye kafin ya faɗa teku.

Ni ɗan Roni ne. Ina saurayi kamar ku aka haɗa ni da Baba Sale, aminin mahaifina, wanda ya daɗe yana fataucin busasshen kifi. Yakan sauka da albasa da wake da busasshen tattasai, ya hauro da kifi. Dogon tsoho ne, siriri, mai tsabta, mai taurin kai irin na wanda bai taɓa yin kuskure ba a saninsa. Mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, jirgin ruwa mai inji ya karɓe mu, muka shiga wani rafi da itatuwa suka haɗe a samansa har rana ba ta ganin ruwan. Ni da na tashi a kan duwatsu, inda in ka hau tudu kana hango garin gaba, sai ga ni a cikin kore ta ko'ina. Gidajen ƙauyen a kan dirkoki suke, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu. Yaro bai iya tafiya sosai ba ya iya tuƙa kwale-kwale.

Abin da na fara nema da ido shi ne rumbu. Na duba gabas, na duba yamma, ko ɗaya babu. Na ce, "Baba, mutanen nan a ina suke ajiye abincin shekara?"

Ya ce, "Ba sa ajiyewa. Kullum sai sun nemo. Allah dai ke tsare su."

Abincinsu rogo ne da agade da kifi da manja. Gonakin rogon suna kan ɗan tudun bakin rafi. Ba sa girbe shi gaba ɗaya irin yadda muke yi wa gero. Yana nan a ƙasa, mace ta je ta tono na kwana biyu, ta bar saura. Ƙasar ce rumbun. Sai kuma jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi manya-manya, wani ya kai dunƙulen hannu.

Baba Sale ya gaji da sayen kifin da waje ya bushe ciki da ruwa, ya ruɓe masa a mota kafin Kano. Shi ya sa ya kai ni wurin wata dattijuwa in koyi aikin, ya zama yana da ido a wurin. Sunanta ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa ce mata Mama Hayaƙi, ita kuma tana ce min Aboki. Da buroka, turancin kasuwa, muke magana, inda ta ƙare mu ƙarasa da hannu. Gajeriya ce, idanunta kullum jajaye, kuma a garin nan banda aikin mata ne. Ranar da na fara, mazan garin suka jera kwale-kwale suna kallon ƙato da gemu ya tsuguna cikin mata yana fafe kifi. Wani ya ɗaga murya ya ce ko an biya sadakina.

Kifin farko da na ƙyafe ba zan manta da shi ba. Na hura wuta irin ta mai tsire, harshe na tashi, ina jin daɗi. Kafin a jima ya yi baƙi siɗik yana ƙyalli. Mama Hayaƙi ta zo ta duba. Ta ɗauke shi ta sa a kwando ta rataye. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta ce in ɓare ɗaya. Na ɓare. Samari, abin da ke ciki yana motsi.

Ta ce, "Aboki, wuta biyu ce. Ta farko ta dafa, ta biyu ta busar. Ta biyun ba ta da harshe, haƙuri gare ta. Kai ta farkon kaɗai ka sani."

Daga nan ta koya min sauran. A wanke yauƙin tarwaɗa da toka. Sabon kifi a ragar ƙasa, na jiya a ta tsakiya, wanda ya bushe a ta sama. A juya shi kafin ya kama waya. In kana son sanin ya yi, ba da ido ba, da kunne: ka ƙwanƙwasa biyu, in suka yi ƙara kamar ƙwarya, sun yi. Ka danna gindin kai da babban yatsa, nan ruwa ke ɓuya. Babban darasin kuma shi ne, a can ba a gama busar da abu. Nan gida ka shanya kuɓewa a rana, ta bushe, shi ke nan har baɗi. Can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Riga ka rataye ta kwana biyu ta yi fumfuna. Kifin da ya bushe yau, in ka raba shi da hayaƙi, ya koma shan ruwa daga iska. Don haka wutar ɗakin banda ba ta mutuwa, rani da damina. Har ɗanyen itacen gobe a gefen raga ake jera shi ya sha zafin na yau.

To, Baba Sale ba ya cin abincin garin. Dalilinsa kuwa ba na banza ba ne. Rogonsu mai ɗaci ne, irin wanda sai an jiƙa shi kwanaki a ruwa dafin ya fita. A zuwansa na farko, a gabansa wata akuya ta sha ruwan jiƙon, ta yi ɗan zagaye ta faɗi, ko shurawa ba ta yi sosai ba. Tun ranar ya rantse rogon mutanen nan ba zai shiga cikinsa ba, ko kwaki ne. Ga kuma warin jiƙaƙƙen, wanda ko ni sai da na toshe hanci kafin na saba. Kifi kuwa a wurinsa ba abinci ba ne, mahaɗi ne. Abinci hatsi ne. Saboda haka duk tafiya da buhunan geronsa da dawarsa daga Roni, da gwangwanin kuka, da daddawa. Ni ne mai surfe, ni ne mai daka, ni ne mai tuƙi. Mata suka sa masa suna Papa Gero.

Mama Hayaƙi ta zo ta ga buhunan jingine a kusurwar ɗakinmu, ta girgiza kai. Ta ce, "Papa Gero, kawo su ɗakin banda a rataye a sama."

Baba ya ce, "Gaya mata na gode. Geron da ke shekara uku a rumbu lafiya lau, shi za a koya min ajiyarsa? In sha kunu yana ƙarnin kifi?"

Kuma shekaru da dama ya yi gaskiya, don ba ma daɗewa. Kafin geron ya gane inda yake mun cinye shi mun tafi.

Sai shekarar babban ruwa. Mun sauka kamar kullum da niyyar 'yan makonni. Ruwan sama ya kama, ya ƙi ɗaukewa. Rafi ya hau, ya shanye tudun gonaki, ya zo yana lasar katakon ƙasan ɗakuna. Garin da muke hawa mota shi ma ruwa ya ci shi, manyan itatuwa suka faɗo suka toshe rafin, jirgi mai inji ya daina zuwa. Ku a tunaninku in ruwa ya yi yawa kifi ya yi yawa ko? Haka ni ma na zata. Ashe in ruwa ya shiga daji, kifi bin sa yake ya watsu cikin saiwoyi, inda taru ba ya shiga. Mutum ya wuni a kwale-kwale ya dawo da abin da bai cika tafin hannu ba. Rogon kuma yana ƙarƙashin ruwa yana ruɓewa. Mata na nutso suna tono abin da suka samu, rabi ya zama kunu. Agade duk ta kwanta.

Gari ya koma cin kifin da aka ƙyafe don sayarwa, har da wanda muka riga muka ɗaure a kwali, Baba da kansa ya ce a kwance. Yara na hawa itatuwa suna tsinto dodon koɗi da ya gudo wa ruwa. Ni dai na ci. Na ci ƙaguwa, na ci koɗin, na ce bismillah na rufe ido. Daga baya ma na daina rufe idon.

Wata safiya na je ɗebo gero a buhun ƙarshe, na ga buhun ya yi gashi. Wallahi gashi kore, ya huda buhun ya fito, kamar an yi shuka. Na zura hannu ciki, ɗumi, ya dunƙule, baƙi da fari, warinsa na hawa kai. Dawar ma haka. Na kira Baba. Ya zo ya duba buhun, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ko taki ban sa ba."

Muka yi dariya ranar. Bayan nan dariyar ta ƙare, don zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka ba shi magani zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya ƙi dawowa. In na ba shi romon kifi, ya dawo da shi, cikinsa ba ya riƙe maiƙo. Na kawo masa dafaffen jiƙaƙƙen rogo, tun daga bakin ƙofa ya juya fuska bango. Mutum dama siriri, sai ya koma kamar sandar makiyayi. Salla daga tsaye ta koma zaune, daga zaune ta koma kwance. Kullum maganarsa ɗaya: "Habu, ko loma biyu ta tuwo."

Wata rana da hantsi ya kira ni ya fara yi min wasiyya, wa zan gaya wa me a Roni. Na fita na shiga kwale-kwale na nufi ɗakin banda, na zauna ina tura itace a wuta.

Mama Hayaƙi ta ce, "Papa Gero ya ci?"

Na girgiza kai.

Ta tashi ta taka turmi, ta miƙa hannu can ƙololuwar ɗakin, sama da ragar sama, inda kunkunniya ta yi kauri. Akwai wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule a jere a wurin, kowanne kamar kan jariri. Na daɗe ina ganinsu, ban taɓa tambaya ba, don tun zuwana Baba ya ja min kunne ya ce tsafinsu ne, in kawar da ido in yi aikina. Ta sauko da ɗaya ta ajiye a cinyata. Na kusa faɗawa wuta.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Aboki, ba ya cizo. Kawo wuƙarka."

Ta kankare baƙin. Ciki fari tas, busasshe, da tauri kamar alli. Ashe rogo ne. Da rani, kafin mu zo, suke jiƙa shi har dafin ya fita, su matse, su cire zaren, su dunƙula, su ɗora a saman hayaƙi ya yi ta bushewa. Baƙin nan na waje shi ne rigarsa, ƙwaro ba ya shiga, danshi ba ya shiga. Ba a taɓa shi sai ranar da ƙasa ta hana, ruwa ya hana. Ga rumbun da na yi ta nema, ashe shekaru ina zaune a ƙarƙashinsa ina kawar da ido.

Na ɗaga kai na ga abin da ya rage ba shi da yawa, ga jikokinta cike da gida, ruwa kuma bai nuna alamar sauka ba. Na ce, "Mama, na yara ne."

Ta ce, "Na sani. Tsohon nan ya raina abincinmu, amma ba zai mutu a garina ba. In ya mutu ina za mu binne shi? Ka ga ƙasa a nan?"

Na daka shi, na tankaɗe. Ta nuna min in ɗan soya garin sama-sama a busasshiyar tukunya, sauran tsamin ya tafi. Daga nan kuma na ce ta matsa, an zo fagena. Na yi talge, na zuba gari, na tuƙa da muciya har ya yi sulɓi, na kwashe da mara, na mulmula malmala irin ta gida. Gwangwanin kuka shi kaɗai ya tsira a kayanmu, don murfinsa na kamawa, da 'yar daddawa a ciki. Na kaɗa miya tsululu, ba mai, na ɗan marmasa busasshen kifi a ciki yadda ba zai gani ba.

Ƙamshin kukar ne ya fara isa. Ina shiga ya buɗe ido. Na ɗaga shi na jingina shi da bango, na wanke masa hannu. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Ina ka samo masara?"

Na ce, "Mama Hayaƙi ce ta bayar da garin. Baba, ci dai."

Ya gutsura kaɗan, ya dangwala, ya kai baki. Ni da Mama, da ta laɓe a bakin ƙofa, ko numfashi ba ma yi. Ya haɗiye. Ya jira. Muka jira. Ya sake gutsura, wannan karon babba.

Sai da ya ci rabi ya ce, "Masarar ta sha hayaƙi. Kuma miyarka ba kanwa."

Mama ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya fara ƙorafi."

Ta ce, "To ya tashi," ta juya ta hau kwale-kwalenta.

Haka aka yi ta yi, dunƙule ɗaya a raba, rabi na jikoki, rabi na Papa Gero. Ya koma salla a zaune, ya koma a tsaye. Ran da ya fito bakin ƙofa ya yi wa wasu yara faɗa don suna wanka kusa da inda yake alwala, gari duka aka san an wuce wurin. Sanda ruwa ya fara ja da baya, saman ɗakin banda saura kaɗan ya zama wayam. Kifi ya dawo rafi da yawan da ban taɓa gani ba, muka yi ta ƙyafewa har idanuna suka zama irin na Mama. Maza suka sare itatuwan da suka toshe hanya, jirgi ya shigo.

Ban so mu tafi da ƙarya a tsakaninmu ba, ko da ban furta ta ba. Ana gobe za mu tashi na kai shi ɗakin banda, na sauko da dunƙule guda, na kankare a gabansa, na gaya masa komai tun daga jiƙo har daka. Ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya ɗan gatsa.

Ya ce, "Masara ce."

Na ce, "Baba, rogo ne. Ga mai yi nan a zaune."

Ya ce, "Habu, na girme ka. Na yi rantsuwa a kan rogon mutanen nan, kuma ban taɓa karya rantsuwa ba. Wannan wata irin masara ce tasu."

Na fassara wa Mama. Ta dube shi, ya dube ta. Ta ce, "Gaya masa gaskiyarsa. Masara ce."

Tafiyar da ta biyo baya, buhun wake da na albasa na farko a ƙofar Mama aka sauke su, bai yarda an yi maganar ciniki ba. Geronsa kuwa da hannunsa ya ɗaura masa igiya, ya ce in hau in rataye a saman raga. Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, har ƙafa ta gaza ya zauna a Roni. Duk sanda na hauro daga kudu, kafin ya tambayi lafiyar hanya sai ya leƙa bayana ya ga ko da ƙunshi. In na miƙa masa, sai ya ƙwala wa iyalinsa kira: "A zo a karɓi masarar nan a kankare. Kuma a sa kanwa a miyar."